Daga sama tsawa take faɗowa, ko daga ƙasa take tashi?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce girgije dai ruwa ne, to ina ya samo wuta? Sannan ya ji wasu suna cewa tsawa daga ƙasa take tashi, ba daga sama take faɗowa ba, shin gaskiya ne? Na ukun kuma, me ya sa takan tsallake dogon gini ta faɗa wa abin da bai kai shi tsayi ba?

Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu da ta uku amsarsu ɗaya ce, kuma a kansu zan fi daɗewa. Amma dole mu fara leƙa cikin girgijen, domin a can ake tara kayan aikin.

Girgijen da ke yin walƙiya ba irin wanda ke shimfiɗewa yana yayyafi ba ne. Wanda ke miƙewa tsaye ne, ya yi toroƙo, kansa ya baje a can ƙololuwa. Rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da laima ta tashi, tana hawa tana yin sanyi, tururin da ke cikinta yana komawa ɗigon ruwa. Shi kuwa tururi, in zai koma ruwa sai ya saki zafin da ya sha, wannan zafin kuma ya ƙara wa iskar ƙarfin hawa. Haka abin yake ciyar da kansa har girgijen ya kai tsayin kilomita 12, a yankuna masu zafi ma ya haura 16. Gindinsa da ɗumi, amma a ƙololuwarsa sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifili.

Inda ake ƙulla komai shi ne tsakiya, wajen da sanyi yake tsakanin digiri 10 zuwa 25 ƙasa da sifili. Abubuwa uku ne suke cakuɗe a nan. Akwai ɗigon ruwan da ya wuce sanyin daskarewa amma bai daskare ba, don ƙananan ɗigo masu tsabta suna iya zama ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifili matuƙar ba su sami abin da za su daskare a kansa ba. Akwai ɓarɓashin ƙanƙara mara nauyi, wanda iska ke kwasa ta yi sama da shi. Akwai kuma curin ƙanƙara mai taushi, wanda waɗancan ɗigo suka yi ta mannewa suna daskarewa a jikinsa har ya yi nauyi, ya tsaya yana lilo a iska ko ya fara gangarowa. Mai hawa da mai sauka sai su yi ta karo. A kowane karo ɗan cajin lantarki yakan tsallaka daga wannan zuwa wancan. Caji iri biyu ne, nagatif da fozitif, kamar kawunan batir biyu: curin ya tafi da nagatif, ɓarɓashin ya tafi da fozitif. Abin da karo ɗaya ke bayarwa bai taka kara ya karya ba, sai dai karon ba ya ƙirguwa, kuma iska tana tsaye tana raba su, mara nauyi sama, mai nauyi ƙasa.

An gwada wannan a ɗakin bincike. A 1978 wani masani ɗan Japan, Tsutomu Takahashi, ya nuna cewa irin cajin da curin ƙanƙara ke ɗauka ya danganta da sanyin wurin da yawan ruwan da bai daskare ba. Inda sanyi ya tsananta yana ɗaukar nagatif, inda ya ɗan sassauta, kusa da gindin girgije, sai abin ya juya ya ɗauki fozitif. Shi ya sa girgijen hadari yake da hawa uku: tarin fozitif a sama, babban tarin nagatif a tsakiya, wajen kilomita 6 zuwa 8 daga ƙasa, da wani ɗan ƙaramin fozitif a gindi.

To ka ga amsar tambayarka ta farko. Ba ruwa ne ke haifar da wutar ba, ƙanƙara ce da iska mai hawa, ƙarfin kuma daga rana yake. Girgijen da bai yi tsayin da zai yi ƙanƙara ba, ko da zai yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da wuya ka ga ya yi walƙiya. Wannan ne ma dalilin da ya sa walƙiya a kan tudu ta ninka ta kan teku wajen sau goma, alhali teku ya fi tudu faɗi: ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, don haka iskar da ke tashi daga kanta ta fi ƙarfi. Taurarin ɗan'adam sun ƙiyasta walƙiya kusan 44 a kowane sakan a faɗin duniya, kuma wuraren da suka fi ko'ina su ne tafkin Marakaibo a Benezuwela da gabashin Kwango. Kusan uku cikin huɗu na wannan walƙiya ba sa zuwa ƙasa ko kaɗan, a cikin girgije suke farawa su ƙare.

Ƙasa kuma ba zaman kallo take yi ba. Caji iri ɗaya ba sa jituwa, don haka tarin nagatif da ke cikin girgije yakan kore elektiron da ke fuskar ƙasa, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da nagatif, su ja da baya, sai wurin ya rage da fozitif. Duk inda girgijen ya nufa, wannan fozitif yana biye da shi a ƙasa, yana hawa bishiyoyi da turaku da rufin gidaje da kawunan mutane, yana taruwa a duk wani tsini. Bambancin matsin lantarki tsakanin girgije da ƙasa yakan kai bolt miliyan 100. Abin da ya raba su kawai shi ne iska, ita kuma ba ta barin lantarki ya ratsa ta cikin sauƙi.

A nan akwai wani ƙulli da ya daɗe yana ba masana aiki. Busasshiyar iska a doron ƙasa ba ta sallamawa sai matsi ya kai kusan bolt miliyan 3 a kowace mita. Amma da aka riƙa tura balan-balan da jiragen sama ɗauke da na'urorin awo cikin hadari, abin da ake samu da wuya ya wuce bolt dubu 300 zuwa 400 a mita, wato wajen kashi ɗaya cikin goma. Ko an yi la'akari da cewa iskar sama ba ta da kauri, ta fi saurin sallamawa, lissafin bai cika ba. Bayani biyu ne suka fi ƙarfi. Na farko ya ce tsinin ɓarɓashin ƙanƙara da ɗigon ruwan da ya miƙe suna tattara matsin a ɗan ƙaramin wuri, har ya kai yadda zai fasa iska a nan, daga nan kuma ya yaɗu. Na biyu, wanda Aleksandr Gurevich na Rasha ya gabatar a 1992, ya ce ƙwayoyin da ke shigowa daga sararin samaniya da gudu suna fisgar elektiron daga iska, waɗannan su yi ta ƙara gudu suna fisgo wasu, har abin ya zama ambaliya. Ni na fi karkata ga na farko a matsayin ashanar da ke kunna wutar, ko da yake babu abin da ya hana duka biyun yin aiki tare.

Ko ta wace hanya aka fara, abin da ke biyo baya an gan shi, an ɗauki hotonsa, an auna shi. Siririyar hanya ce take buɗewa a cikin iska, inda zafi ya farfasa ƙwayoyin iskar, elektiron suka kuɓuce, wurin ya koma mai wucar da lantarki. Wannan hanya mai tahowa ƙasa mu kira ta jagaba. Basil Schonland da abokan aikinsa ne suka fara fayyace tafiyar jagaba a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, da wata kyamara mai ruwan tabarau masu juyawa wadda Charles Boys na Ingila ya ƙirƙira. Abin da suka gani ya saɓa wa tunanin kowa. Jagaba ba ya saukowa ɗoɗar. Yakan yi tsalle na kusan mita 50, ya tsaya na kashi 50 cikin miliyan na sakan, ya sake yin wani tsallen, sau da yawa ta wata fuskar dabam. A wasu wuraren ya rabu biyu, kowane reshe ya kama gabansa.

Ka ɗauke shi kamar makaho mai lalube da sanda. Bai san inda ƙasa take ba, bai hango dogon gini ba, bai hango kowa ba. Iyakar saninsa 'yan mitocin da ke gaban tsininsa, inda iska ta fi rauni nan yake jefa ƙafa. Wannan lalube ne ya sa walƙiya take da karkace-karkace da rassa, ba ta taɓa zama miƙaƙƙen layi. Duk da tsaye-tsayen nan, gudunsa yakan kai kilomita 200 a sakan, don haka tafiyar daga girgije zuwa kusa da ƙasa ba ta wuce kashi 35 cikin dubu na sakan. Haskensa kuma dishi-dishi ne, ido ba ya kama shi. Abin da ya sa yake da haɗari shi ne yana janyo matsin girgijen gaba ɗaya a tsininsa, miliyoyin bolt suna matsowa kusa da ƙasa taki bayan taki.

Sai ya rage saura 'yan gomomin mita, ko ɗari, sannan ƙasa take amsawa. Fozitif ɗin nan da ya taru a kan tsinin abubuwa ya kai inda ba zai iya haƙuri ba, sai siraran harsunan wuta su fara tasowa daga ƙasa suna miƙa wa jagaba hannu. Ba daga wuri ɗaya suke tashi ba. Kan bishiya ya tura nasa, kusurwar rufi ta tura nata, turken waya ya tura, mutumin da ke tsaye a fili shi ma yana iya turawa daga kansa ko kafaɗarsa. Waɗanda suka tsira daga irin wannan wuri sukan ba da labarin gashin jikinsu ya miƙe, fata tana tsikari, ƙarafan da ke kusa suna wani zuuu. Duk harshen da ya riga haɗuwa da ɗaya daga rassan jagaba, shi ya ci, kuma abin da ya turo shi shi ne abin da za a ce tsawa ta faɗa wa. Sauran harsunan su mutu a hanya. Kyamarori masu saurin ɗauka na zamani sun kama hotunansu a tsaye, tsawon 'yan mitoci, ba su kai ga haɗuwa ba.

Da zarar an haɗu, hanya ta buɗe tun daga girgije har ƙasa. Elektiron da ke can ƙarshen hanyar, kusa da ƙasa, su ne ke fara zubewa, sannan na samansu, sannan na saman waɗancan. Saboda haka elektiron ƙasa suke yi, amma zubewar da hasken da take haifarwa sama suke yi, da gudun da ya kai kashi ɗaya cikin uku na gudun haske, wajen kilomita dubu 100 a sakan. Wannan shi ne babban bugu, shi ne farin hasken da ke kashe maka ido. To waɗanda suka ce maka tsawa daga ƙasa take tashi ba su yi ƙarya ba, sai dai rabin labarin suka ba ka. Jagaba daga sama ya sauko a ɓoye, tarba daga ƙasa ta taso, hasken da ka gani kuma daga ƙasa ya hau. Dubi rassan walƙiya in ka sami hoto mai kyau: ƙasa suke kallo, domin sawun jagaba ne, babban bugu ya haska su kawai.

Akwai kuma wadda tun farko daga ƙasa take farawa. Dogayen hasumiyoyi da suka haura mita 100, da turakun sadarwa a kan duwatsu, sukan tura nasu jagaban sama ba tare da jiran kowa ba, kuma rassan irin wannan sama suke kallo. A benen Empire State na birnin New York aka fara tabbatar da haka a ƙarshen shekarun 1930. Tsawa tana faɗa wa benen nan sau 20 ko fiye a shekara, wanda ya isa ya kashe zancen nan da ake yi cewa ba ta faɗa wa wuri ɗaya sau biyu.

Babban bugu na farko yakan ɗauki amfiya dubu 30 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke kwarara ne), wasu su haura dubu 100. Hanyar da duk wannan ke bi kaurinta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, haske ne ke sa a ga kamar ta fi haka. Zafin cikinta yakan kai digiri dubu 30, wato ninki biyar na zafin fuskar rana. In ta sauka a kan yashi takan narkar da shi ya koma bututun gilas mai rassa a cikin ƙasa. Kuma yawanci ba ta tsayawa a bugu ɗaya. Bayan kamar kashi 60 cikin dubu na sakan, wani jagaban yakan biyo hanyar tun ba ta huce ba, wannan karon babu lalube babu tsayawa, sai wani bugun ya biyo baya. Sau uku zuwa biyar aka fi gani, wani lokaci fiye da goma. Wannan ne ƙyaf-ƙyaf ɗin da kake gani walƙiya tana yi. A wasu lokutan kuma, bayan bugun, wuta 'yar kaɗan, amfiya 100 zuwa 200, takan ci gaba da kwarara na wani ɓangaren sakan. Ita ce ta fi tayar da gobara a daji da rufin gidaje, domin bugun kansa ya yi gajarta ƙwarai, bai cika samun lokacin kunna itace ba.

Mutane sukan tambaya me ya hana a tara wannan wuta a yi amfani da ita. Lissafin ba ya goyon bayansu. Cajin da walƙiya ɗaya ke saukewa bai cika wuce kulom 20 ba (kulom ma'aunin yawan caji ne), alhali batirin waya mai ƙarfin mAh 4,000 yana riƙe da kulom 14,400. Abin da ya ba walƙiya ƙarfi shi ne tsananin matsi da kuma zubewa a lokaci guda. Jimillar ƙarfinta 'yan ɗaruruwan kilowat-awa ne, mafi yawansa kuma a iska yake ƙarewa, ya zama zafi da haske da ƙara tun kafin ya iso ƙasa. Ga shi ba ka san inda za ta faɗo ba, balle yaushe.

Ƙarar kuwa daga zafin nan take. Iskar da ke cikin hanyar ta yi zafi cikin 'yan kashi kaɗan na miliyan na sakan, ba ta sami damar buɗewa a hankali ba, matsinta ya ninka na iskar da ke kewaye sau goma ko fiye, sai ta fashe waje da ƙarfi. In kana kusa, ƙara ɗaya za ka ji mai tsaga kunne. In kana nesa, rugugin cida za ka ji yana birgima, saboda hanyar tana da tsawon kilomitoci, kuma sautin kowane yanki da lokacin da yake iso maka, na kusa ya riga na nesa. Haske nan take yake zuwa, sauti kuwa mita 343 yake yi a sakan. Don haka in ka ga walƙiya ka ƙirga sakan har ka ji ƙara, kowane sakan 3 kilomita ɗaya ke nan. Walƙiyar da kake gani can gefen sama shiru ba ƙara, ba wata iri ba ce dabam, nisa ne kawai. Sautin tsawa da wuya ya wuce kilomita 15 zuwa 25, domin iskar sama ta fi ta ƙasa sanyi, wannan kuma yana lanƙwasa sautin ya yi sama ya wuce ta kan mai sauraro.

Yanzu tambayarka ta uku ta kusa amsa kanta. Tsayi yana ƙara wa abu damar cin gasar nan ta miƙa hannu, amma sai in jagaba ya biyo ta kusa da shi. In lalubensa ya kawo shi mita 200 daga dogon gini, ginin bai shiga lissafi ba, abin da ke ƙarƙashin tsinin jagaba shi zai amsa, ko da ɗan guntun turke ne ko fili fetal. Injiniyoyin da ke tsara kariyar gine-gine da wannan suke aiki. Sukan ɗauka a zuci cewa ga wata ƙatuwar ƙwallo, daga tsakiyarta zuwa gefenta mita 20 zuwa 60 gwargwadon tsananin kariyar da ake so, a mirgina ta a kan ginin da kewayensa. Duk inda ƙwallon ta taɓa, tsawa tana iya faɗa wa nan. Inda ta kasa taɓawa, ya sami kariya. In ka yi wannan gwaji a kan bene mai tsayi sosai za ka ga ƙwallon tana taɓa gefensa, ba kansa kaɗai ba, kuma tana sauka ƙasa ba nisa da gindinsa. Haka kuwa abin yake a zahiri.

Ƙarfen kariya da ake kafawa a kan gini ma wannan gasa yake shiga. Benjamin Franklin na Amurka ne ya kawo dabarar, daga baya kuma aka tabbatar a 1752 cewa walƙiya lantarki ce, da farko a Faransa inda Dalibard ya kafa dogon ƙarfe ya ciro tartsatsi daga hadari a watan Mayu, sannan Franklin da kansa ya yi nasa gwajin. A shekarar da ta biyo, Georg Richmann ya rasa ransa a birnin Santa Fitasbag yana irin wannan gwaji da ƙarfen da bai haɗa da ƙasa ba. Har yau wasu na zaton ƙarfen yana tsotse cajin girgije ne a hankali ya hana tsawa faɗowa. Ba ya iyawa, girgijen ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Aikinsa shi ne ya riga kusurwar rufi miƙa hannu, in an haɗu da shi kuma ya miƙa wutar ga kakkaurar waya ta kai ta cikin ƙasa. A ganina wayar nan da ƙarfen da aka binne su ne ainihin kariyar, kuma su ne aka fi sakaci da su. Tsini a kan rufi wanda wayarsa ta tsinke ko ta yi tsatsa zai karɓi bugun, sannan wutar ta nemi hanyarta ta bango da wayoyin gida.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne labarin ba ya ƙarewa a inda tsawa ta sauka. Amfiya dubu 30 ba sa ɓacewa don sun taɓa ƙasa, bazuwa suke yi ta kowace fuska, matsin yana raguwa gwargwadon nisa. In ƙafarka ɗaya ta fi ɗayar kusa da wurin, akwai bambancin matsi tsakaninsu, jikinka kuma ya fi ƙasa saurin wucar da lantarki, sai wutar ta shiga ta wannan ƙafa ta fita ta waccan. Kusan rabin waɗanda tsawa ke kashewa ko raunatawa ta haka take samunsu. Waɗanda take faɗa wa kai tsaye ba su wuce 5 cikin 100 ba. Dabbobi masu ƙafa huɗu sun fi shiga uku, don tazarar ƙafafun gaba da na baya tana da yawa, zuciya kuma tana tsakani. A watan Agustan 2016 an tarar da barewar ƙanƙara 323 a mace a wani tsauni a Norway bayan hadari, sun taru wuri ɗaya. Saboda wannan dalili, kwanciya a ƙasa lokacin hadari kuskure ne, ƙara wa wutar tsawon jikin da za ta bi kake yi.

Na biye da wannan a yawa shi ne tsallake daga gefe, kusan kashi ɗaya cikin uku. Tsawa ta faɗa wa bishiya, tana gangarowa ta jikinta, ruwan cikin itacen ya tafasa nan take ya yi tururi, ɓawo ya tarwatse. Itace ba ya wucar da lantarki da kyau, don haka in akwai mutum a tsaye kusa da gindin, wani kaso na wutar sai ya yi tsalle ya bi ta jikinsa. Rumfa da bukka da duk wani ɗakin da ba shi da waya ko bututun ƙarfe mai kai wuta ƙasa, hukuncinsu ɗaya da bishiya: suna tare ruwa, ba sa tare tsawa. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta rubuta cewa a 1975 bugu ɗaya ya kashe mutum 21 da suka fake a wata bukka a Zimbabuwe.

Mafaka ta gaske biyu ce. Ginannen gida mai wayoyin lantarki da bututun ruwa, inda wutar ke da hanyar bi ba ta jikinka ba, muddin ba ka riƙe famfo ko abin da ke jone da soket. Sai mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Ba tayoyin roba ne ke kare ka ba, wutar da ta ratso kilomitoci na iska ba za ta tsaya don 'yan santimita na roba ba, takalmi ma haka. Jikin motar ne ke ɗaukar wutar ta waje ya sauke ta ƙasa. Haka jiragen sama suke tsira, ga shi kowane jirgin fasinja tsawa takan same shi kamar sau ɗaya a shekara. Wayar hannu ba ta janyo tsawa, ƙaramin ƙarfen da ke aljihu ko wuya ma haka, jagaba ba ya ganinsu. Matsalar waya ita ce in tana jone da caja a bango. Wanda tsawa ta buga kuma ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taɓa shi nan take. Abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, kuma danna ƙirji da hura numfashi cikin gaggawa yana ceto da yawa. Kusan tara cikin goma na waɗanda ta buga suna rayuwa, ko da yake wasu sukan daɗe da ciwon jijiya da mantuwa.

Duk abin da na bayyana a sama na walƙiyar da ke sauke nagatif ne, ita ce ta fi yawa. Akwai wadda ke fitowa daga tarin fozitif na ƙololuwar girgije, ba ta kai ɗaya cikin goma ba, amma ta fi muni. Takan yi bugu ɗaya tak mai ƙarfin da ke iya kaiwa amfiya dubu 300, wutarta kuma ta daɗe tana kwarara. Jagaba yana iya fita ta gefen girgije ya yi tafiya a kwance, ya sauka kilomita 15 ko fiye daga inda ake ruwa, a wurin da sama take garau. A cikin manyan hadarurruka masu faɗi tafiyar kwancen nan takan wuce misali: a ranar 29 ga Afrilun 2020 tauraron ɗan'adam ya auna walƙiya ɗaya mai tsawon kilomita 768 a kudancin ƙasar Amurka, a watan Yunin shekarar kuma aka auna wata a kan Yurugwai da arewacin Ajantina da ta ɗauki sakan 17 ba ta mutu ba. Walƙiyar fozitif ta fi fitowa a ƙarshen hadari, lokacin da ruwa ya tsagaita, babban tarin nagatif ya ragu, mutane kuma suka fara fitowa. Shi ya sa masana yanayi suke cewa in dai kana jin ƙarar tsawa to tana iya kai maka, kuma a jira minti 30 bayan rugugi na ƙarshe kafin a koma fili.